Muryar da Ta Koma Bakin Ƙofa

Baban Bene ya faɗo daga saman matakalar gidansa da la'asar, ta baya, wuyansa ya karye. A ɗakinsa kaset ɗin marigayiya matarsa ya yi ta juyawa har ya ƙare ya kashe kansa. Makaho ne, amma ya daɗe da makantar, kuma benen nan bai taɓa kayar da shi ba. Saboda haka tun kafin a kai shi makwancinsa mutanen layin suka yanke cewa turo shi aka yi. Wanda ya turo shin ma ba su sha wahalar nema ba. Mai Gyara ne, mai shagon rediyo da ke haya a ƙasan gidan. Da hantsin ranar kowa ya ji su suna ɗaga wa juna murya, an kuma gan shi ya hau sama da sukudireba a aljihu.

Babban ɗan mamacin, wanda ake ce wa Direba, bai tsaya tambaya ba. Ya shaƙo Mai Gyara daga kan bencinsa, ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu har jini ya ɓalle, ya tura shi cikin shagon ya danna kwaɗo ta waje. Ya ce da zarar masu gaisuwa sun watse zai miƙa shi ga 'yan sanda da hannunsa, in kuma suka yi wasa da maganar, shi ya san abin da zai yi. Babu wanda ya ce masa kanzil. Wasu ma cewa suka yi ya yi haƙuri da yawa.

* * *

Auta, 'yar mamacin da ke kula da shi tun da mijinta ya rasu, ita ta je neman Mai Sawu.

Mai Sawu gadi yake yi a wani wurin sayar da katako a bayan layin. A ƙuruciyarsa ɓarayin dabbobi yake bi a daji. Ya kalli ƙasa ya gaya maka su nawa ne, wane ne mai ɗingishi a cikinsu, wane ne ya ɗauko nauyi. Yanzu gwiwa ta ƙi, gari kuma duk an shafe shi da siminti.

"Baba Mai Sawu, ka zo ka duba mana ɗakin Baba."

"In duba me, 'yata? Siminti ba ya riƙe ƙafa. Ke kuma na san ki da tsintsiya, ko ƙuda ya sauka sai kin share wurin."

"Ba ƙafa ba ce." Ta waiga bayanta kamar wani na biye da ita. "Inna ce. Ta tashi daga wurinta."

Ya dube ta da kyau. Mahaifiyarta ta daɗe a ƙasa, shi ma yana cikin waɗanda suka raka ta. Amma yarinyar ba ta yi kama da wadda kanta ya taɓu ba. Ta yi kama da wadda ta ji abu da kunnenta. Ya ɗauki sandarsa ya bi ta.

* * *

Ɗakin dogo ne, siriri. Ƙofa a kai ɗaya, ciki take buɗewa, kuma da ka sa ƙafa waje matakala ce, babu ko wurin tsayawa. Taga a ɗaya kan. A tsakiya, jikin bango, ga kabad ɗin kayan sauti: na'urar kaset a sama, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ƙasa. Lasifika biyu manya, kowace ta kai ƙugun mutum. Ɗaya a gindin taga da kujera mai hannu a gefenta, ɗaya a bakin ƙofa.

Baban Bene aikin ɗaukar sauti ya yi a gidan rediyo har ciwon suga ya cinye masa ido. Wata rana, lokacin yara suna ƙanana, ya zo gida da makirufo biyu. Ɗaya ya ɓoye kusa da matarsa, tana ninke wanki a gindin taga tana 'yar waƙarta. Ɗaya ya rataye a bakin ƙofa, ya kwaso hayaniyar tsakar gida, famfo na zuba, yara na faɗa a kan bokiti. Shi ya sa in an kunna kaset ɗin muryarta ta lasifikar taga take fitowa, ita kaɗai.

"Kullum la'asar ni nake hawo da shi," in ji Auta. "In rufe masa ƙofa in sauka in ɗora girki. Shi kuma ya kunna, ya tsaya tsakiyar ɗaki. Tun da jiri ya fara damunsa, in ya juya sau ɗaya ba ya gane gabansa da bayansa. Sai ya bi muryarta. Ya dafa kan lasifika, ya juya baya, ya saki jiki a kujera."

"Ranar kin rufe ƙofar?"

"Wallahi na rufe. Sai da na ji ta kama."

"Me kika ji bayan nan?"

"Na ji yana dariya. Ya ce, 'Tsaya mana, ga ni nan zuwa.' Sai ƙara."

"Kunna."

Ta danna da yatsa ɗaya ta ja baya. Kaset ya yi shuu. Daga gindin taga, inda kujerar take, famfo ya fara zuba, yara suka kaure da faɗa. Sai muryar mace ta taso a bayan Mai Sawu, daga bakin ƙofa, a hankali, irin waƙar da mutum ke yi in yana zaton babu mai jinsa. Ya san muryar nan. Ta sha miƙo masa ruwan sanyi ta ƙofar gidan nan tana tsokanarsa wai ya bi mata sawun ɗan kunnenta da ya ɓata. Bai so ya waiga ba. Da ya waiga babu komai sai akwatin katako da ƙofa.

"Ka ji ko?" Auta ta ce. "Matan layi sun ce zuwa ta yi ta tafi da mijinta. Yaya ya ce Mai Gyara ne. Ni ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba."

"Kina goge kayan nan?"

"Ni? Baba ya ce in na taɓa sai ya yanke mini hannu."

Abin da yake so ya ji ke nan. Ya je ga lasifikar taga. Samanta ya yi sumul, fentin ya cinye a wuri ɗaya, girman tafin hannu, saboda yawan dafawa. Ya dawo ga ta bakin ƙofa, ya durƙusa da ƙyar ya kalle ta a kaikaice yadda haske zai kwanta a kanta. Ƙura ta yi kauri a kai, ba a taɓa ta ba tun ba yau ba. A tsakiyar ƙurar ga tafin hannu ɗaya, sabo, yatsu a buɗe. Ba hannun wanda ke neman abin kamawa ba ne. Hannun wanda ya iso inda zai zauna ne.

* * *

Ta tagar ƙarfe ya yi magana da Mai Gyara. Mutumin yana zaune a ƙasa cikin matattun rediyoyi, auduga a kunne.

"Sake faɗa, Baba, ta wannan gefen. Wancan ƙugi kawai yake kamar tsohuwar firji."

"Na ce a kan me kuka yi faɗa?"

"A kan abin da muke faɗa kullum. Kawunan waya." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Wayar da ke haɗa kaset da amfilifaya. Ya sa aka kawo masa wata mai kawuna masu ruwan zinariya. Wai tun da ya sa ta muryar Inna ta ƙara ɗumi, har numfashinta yake ji tsakanin baiti da baiti. Na ce Baba, kan waya kan waya ne. In ya kama gam, bai yi tsatsa ba, sauti ya wuce. Zinariya tsatsa take hanawa, ba ta ƙara wa mutum murya. Ya ce kunnena na jaki ne. Na ce nasa abin da yake so yake ji. Haka muke yi, daga nan ya ƙwala wa Auta kira ta kawo mana shayi. Wannan ne zan kashe shi a kai?"

"Sukudireban fa?"

"Ni ina da aljihun da babu sukudireba? Kan na'urar da ke karanta kaset na je goge masa. Na goge, ya kunna, Inna na nan a tagarta, na sauko."

"Murya tana iya barin lasifika ta koma wata?"

Mai Gyara ya ɗago. "Ta koma?"

"Tana bakin ƙofa."

Mai Gyara ya miƙe ya kama ƙarfen tagar. "Ba ta komawa da kanta. Kowane bakin wayar kawuna biyu ne, na hagu da na dama. In an cire an mayar a giciye, abin da ke hagu ya koma dama. Wani ya taɓa bayan kabad ɗin, Baba. Kuma ka duba da kyau. Kawunan nan nasa ba a jan su. Wuya ne da su, murɗawa ake yi su saki. In ka ja, ƙara cizo suke."

"Wa ya san haka?"

"Ni da shi. Ba ya barin kowa ya leƙa."

"Wa ke zama in kuna musun?"

"Wa ba ya zama? Direba in yana gari. Mai shayin bakin layi. Baffa Tela ma, ƙaninsa, shi ne mai hura mana wuta."

* * *

Mai Sawu ya koma sama shi kaɗai. Tsakanin kabad da bango akwai ɗan lungu, sai siririn mutum zai shiga. Ya karɓi tocila wurin Auta ya haska.

Babu zinariya. Wayar da ke wurin irin ta roba ce, kai ja da kai fari, an naɗa mata ɗan salatif ruwan ɗorawa a tsakiya, alamar da Mai Gyara ke sa wa kayan shagonsa. In Direba ya ga wannan, magana ta ƙare.

Amma bai tashi ba. Wanda ya bi sawu a daji ya san farkon abin da ƙasa ta nuna maka ba shi ne na ƙarshe ba. Ya matso da tocilar. Ramukan da kawunan ke shiga duk sun sha karta, ɗaya har ya lanƙwashe. An kama da filaya an yi ta fizga, kamar mai cire haƙori. A ƙasa, cikin ƙura, ga wurin gwiwa ɗaya, ƙarama. A jikin ƙarfen amfilifaya, gefen ramukan, ga wani ɗan layi shuɗi, siriri, miƙaƙƙe. Ya shafa da yatsa, ya kama masa kamar gari. Ya shinshina, babu wari.

Ya zauna a ƙasa yana kallon yatsansa. Kaset a kashe yake, amma sai ya ji kamar ana waƙar a bayansa. Ya tashi ya sauka da sauri fiye da yadda gwiwarsa ke so.

* * *

Direba yana ƙarƙashin babbar motarsa a bakin titi, yana dukan wani ƙarfe da ba ya bukatar duka.

"Aro mini filayarka."

Ya turo ta da ƙafa. Filaya ce mai girman hannu, baƙa ƙirin da giris.

"An ce kun yi faɗa da mahaifinka kwanan baya."

Direba ya fito, ya miƙe. Faɗin kafaɗarsa ya kai ƙofa. "Au, yanzu ni ne? Auta ce ta ɗauko ka ka wanke ɗan iskan can ka shafa mini?"

"Tambaya na yi."

"Mun yi! Na ce ya sauko ƙasa, ga ɗaki na gyara masa. Ya ce ba zai bar Inna ita kaɗai a sama ba. Na ce Baba, Inna tana kabari, wannan roba ce ke juyawa. Na ce benen nan shi zai kashe ka." Ya goge ido da bayan hannu, ya bar baƙin layi a fuska. "Da bakina na faɗa. Shi ke nan maganata ta ƙarshe da shi."

Mai Sawu ya kalli hannuwan. Duk abin da mutumin nan ya taɓa sai ya bar baƙi, a bayan kabad kuwa ko ɗigo babu. Kafaɗar nan ma ba za ta shiga lungun ba ko an shafa mata mai.

"Wayar da ke sama daga shagon Mai Gyara take," ya ce, don ya ga fuskarsa.

"Ka gani! Ba na faɗa ba?"

"Ka ba ni zuwa la'asar. Bayan nan ka yi abin da ka ga dama."

* * *

Baffa Tela ƙanin mamacin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shagonsa na kallon ƙofar gidan. Siririn dattijo ne, kuma duk layin babu wanda bai taɓa shan tsiyarsa ba. Ya taɓa ɗinke wa wansa aljihun riga ya zauna yana kallon makaho na neman inda zai sa hannu, su biyun suka yi ta dariya har da hawaye. Yau keken ɗinkinsa a rufe yake da ƙyalle.

"Baffa, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Yau babu tsiya? Ko sandata ba ka ce komai a kai ba."

"Wana na binne, Mai Sawu."

"Haka ne. Allah ya jiƙansa." Ya zauna a benci. "Kai me ka gani a maganar yaron nan, Mai Gyara?"

"Ni ban ce shi ne ba."

"Ba ka kuma ce ba shi ne ba."

Iska ta turo ƙofar shagon ta buɗe kaɗan. Baffa ya zabura ya rufe ta, ya tsaya riƙe da hannunta. Shagon da ko ana ruwa a buɗe yake, don kada wani ya wuce bai sha zolaya ba.

Mai Sawu ya miƙa hannun rigarsa. "Wannan ya yi mini tsawo, kama katako yake. Rage mini in ka samu sarari."

Hannun tela ya riga kansa. Ya ɗauko allinsa mai faɗi daga kan teburi, ya ja a jikin yadin. Layi shuɗi, siriri, miƙaƙƙe.

"Nan?"

"Nan," in ji Mai Sawu. "Ka hawo sama da la'asar. Kowa zai zo."

* * *

Suka taru a ɗakin: Auta a gindin taga, Baffa a jikin bango, Direba riƙe da wuyan rigar Mai Gyara. Wasu dattawan layi biyu suka tsaya kusa da kabad a matsayin shaidu. Mai Sawu ya rufe ƙofa da kansa har ta kama.

"Sake shi, ba tashi zai yi ba. Zo nan tsakiya." Ya ciro ƙyalle ya ɗaure wa Direba ido.

"Wane irin wasan yara ne wannan?"

"Ka sha ganin yadda mahaifinka ke zama. Yi yadda yake yi. Ka bi muryar Inna, ka dafa, ka juya, ka zauna."

Ya juya shi a wuri ɗaya har ya fara tangaɗi. Auta ta danna kaset. Famfo, yara, sai waƙar. Direba ya tsaya cak. Ya daɗe bai saurari muryar uwarsa ba, kullum fita yake in an kunna. Ya miƙa hannu ya bi ta a hankali, ya dafa kan lasifika, ya juya baya, ya saki jikinsa.

Bayansa ya daki ƙofa, gam, har bango ya amsa. Ya zame ya zauna a ƙasa. Ya fizge ƙyallen ya ga inda yake. Waƙar na ta fita a gefen kunnensa.

"Babu wanda ya tura shi," in ji Mai Sawu. "Matarsa ya bi, kamar kullum. An cire wayarsa ta zinariya an sa ta roba, aka giciye kawunan, murya ta bar taga ta dawo nan."

"Wayar shagon wannan!" Direba ya nuna Mai Gyara.

"Daga shagonsa take, a ƙusa take rataye, kowa na iya zara. Amma ka leƙa ka ga yadda aka cire ta farkon. Da filaya aka yi ta fizga. Mai Gyara ya san murɗawa ake yi. Ba zai yi kokawa da abin da yatsa biyu ke buɗewa ba. Kuma ba zai sa alama don kada ya manta ramin da zai mayar ba." Ya ɗaga hannun rigarsa, shuɗin layin na nan. "Wanda ya yi, mai hankali ne a sana'arsa, ba ya yanka sai ya sa alli. Ya yi niyyar mayarwa. Sai dai kawunan na'urar kaset ta gaba ya leƙa ya sa, ja a hannunsa na dama. Ya zaga baya ya durƙusa don na amfilifaya, ya sake sa ja a hannunsa na dama. Ya manta ya juya."

Bai kalli kowa ba. Ya ci gaba.

"Amma wannan kaɗai ba ya kisa. Kun gani yanzu. In ƙofa a rufe take, baya kawai zai buge, ya tashi yana zagi. Auta ta rufe. Wani ya hawo a bayanta, babu takalmi, ya tura ta a hankali. Ba don ya shiga ba. Don ya ji."

Sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Baffa ne ya zaro hannu daga aljihu, wayar ta suɓuce masa. Kawunan zinariyar suka yi ƙyalli a hasken taga, duk jikinsu karta.

"Wasa ne," ya ce. Da ƙyar ake jinsa. "Wallahi wasa ne. Na gaji da musunsu. Na ce bari in canza yana wanka a ƙasa, in ya gama ji in ce, 'To, yau ya muryar?' Ya ce ɗumi kamar kullum, in fito masa da zinariyarsa, mu yi dariya." Ya kalli ƙofar. "Na tsaya a matakala, ƙasa kaɗan. Na tura ƙofar don in ji abin da zai ce. Na ga ya nufo ni yana murmushi. Na toshe bakina kada dariya ta tona ni. Na zaci ya gane ne, zuwa yake ya kama ni. Ya dafa. Ya juya. Ta gefena ya wuce, Mai Sawu. Rigarsa ta shafi fuskata. Hannuna yana kan bakina."

Auta ta yi wani irin sauti ta kife kanta a kujerar mahaifinta.

"Baffa," in ji Direba. Bai tashi daga ƙasa ba. "Kana tsaye na mari mutumin nan. Kana kallo na sa masa kwaɗo."

"Ina tsaye."

"Ba ka ce komai ba."

"Bakin ya ƙi buɗuwa. Tun ranar ya ƙi."

Kaset ya kai ƙarshe ya kashe kansa da ƙara. Duk suka firgita, har Mai Sawu.

* * *

Baffa da ƙafarsa ya je wurin 'yan sanda. Suka riƙe shi na ɗan lokaci suka sako shi, suka ce babu niyyar kisa. Da sun riƙe shi da ya fi masa. Bai ƙara buɗe keken ɗinki ba. Yawo yake a layin yana rufe wa mutane ƙofofi, ta shago, ta gida, ta mota, duk wadda ya gani a buɗe. An daina hana shi. Babu kuma wanda ya ƙara jin dariyarsa.

Direba ya cire kwaɗonsa daga ƙofar shagon, ya durƙusa a gaban Mai Gyara a bainar jama'a, ya kai shi asibiti a motarsa. Likita ya leƙa ya ce kunnen ya tafi.

Bayan an kwana biyu Auta ta roƙi Mai Gyara ya mayar da wayar Baba yadda take. Ba ta iya kwana a gidan Inna na bakin ƙofa. Ta ce Mai Sawu ma ya zo, ba ta so su kasance su kaɗai in an kunna. Mai Gyara ya miƙar da ramin da ya lanƙwashe, ya sa kawunan zinariyar, ya murɗa wuyansu da yatsa biyu har suka kama. Ya fito ya tsaya tsakiyar ɗaki, daidai inda tsohon ke tsayawa, fuskarsa ga kabad, taga a hagunsa. Auta ta danna.

Muryar ta dawo gindin taga, kusa da kujerar da babu kowa. Mai Sawu ya saurara iya ƙarfinsa. Wani lokaci sai ya ji kamar akwai numfashi tsakanin baiti da baiti, wani lokaci ya ce ransa ne ke gaya masa.

"Malam," Auta ta ce da Mai Gyara, "don Allah ka gaya mini gaskiya. Da ta robar da wannan, akwai bambanci? Baba yana jin wani abu, ko kuwa?"

Mai Gyara bai ji ta ba. Ta sake faɗa da ƙarfi. Ya juyo mata da gefen dama.

"Ban sani ba, Auta. Da ina cewa na sani." Ya taɓa audugar da ke kunnensa. "Ni famfo kawai nake ji da faɗan yara. Inna tana ɓangaren da aka kashe."

Ya tattara sukudirebansa ya sauka. Wata bai cika ba ya rufe shagon, don mai kunne ɗaya ba ya daidaita lasifika biyu. Yanzu batir da tocila yake sayarwa a kan teburi a bakin titi, kuma in za ka yi masa ciniki sai ka zagayo ta damansa.